Taku Talatin daga Gindin Tsamiya

Ni gajere ne. Gara in faɗa tun yanzu, don duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso. Kuma ba irin gajartar nan ba ce da ake lallashin mutum a ce masa ai matsakaici ne. A'a. Irin wadda in na shiga keke sai mai keken ya waiwayo ya duba ko na fasa tafiyar ne. In na kai wa tela yadi biyar, sai ya ɗinka mini riga da wando, sannan ya tambaye ni ko a yi labule da ragowar.

A shekarun da nake magana muna haya ne a unguwar Ɗan Iya a Bauchi, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu huɗu, a wani gida mai rijiyar da ta yi ritaya tun kafin mai gidan ya yi. Da damina, lokacin da kowa ke da ruwa har ƙarƙashin gado, ita ma tana da shi. Da bazara kuwa in ka zura guga sai ya dawo da ƙadangare a ciki, yana gyaɗa maka kai kamar ka shiga masa ɗaki ba sallama. Famfo akwai, amma tari kawai yake yi sau biyu a mako ya koma barci. Saboda haka maiɗakina na da wani tsohon hijabi ruwan toka da ta ware don neman ruwa, yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Ta sa ta leƙa ko mai kurar ruwa ya zo wucewa, ta cire. Ta sa ta shiga maƙwabta neman bokiti guda, ta cire. Wata rana na dawo daga ofis na tarar da ita zaune a kan turmi, hijabin a cinyarta, ta ce:

"Malam, ni fa ba bene nake so ba, ba mota ba. Rijiya nake so a cikin gidana, wadda zan je bakinta da ɗankwalina kawai."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta zauna mini. Na bugi ƙirji na ce kafin bazara biyu an gama. Ina da abin dogara: na daɗe da mallakar wani fili a Gwallameji, tun wurin yana gonaki, tun lokacin da in za ka je sai ka yi sallama da iyali ka nemi gafara.

To, a ƙofar gidan da muke haya akwai darbejiya, a ƙarƙashinta akwai majalisarmu ta bayan la'asar, a majalisar kuma akwai gardama guda da muka yi shekara da shekaru muna yi ba mu gama ba: shin girman da Bauchi ke yi alheri ne ko masifa? Ni ne jagoran masu cewa alheri ne. Jagoran ɗaya ɓangaren taubashina ne, ɗan gwaggona, tsohon malamin labarin ƙasa, wanda al'ada ta ba shi izinin tsokanata tun muna rarrafe, kuma bai taɓa ɗaukar hutu ba.

Shi a ganinsa garin nan hamada yake zama muna zaune muna shan shayi. "Duk gidan da aka ɗora, bishiya biyar ce ta tafi," in ji shi. "Muna yara daga nan kana hango dutse, ka ga gajimare ya zauna a kansa yana hutawa. Yanzu me kake hangowa? Tankin ruwan wani, shi ma fanko. Ku dai jira. Wata rana za ku fito ku tarar da raƙumi a shataletale yana ba motoci hannu."

"Raƙumin ma ai ya samu aiki kenan, taubashi," in ce. "Da can in ciwo ya kama ka sai an zagaya unguwa ana neman mai mota. Yanzu ka yi atishawa keke uku sun tsaya. Da can mai tsire ɗaya ne, in ya yi fushi kowa ya haƙura. Yanzu ka yi tafiyar minti biyar hayaƙi kawai ya ƙosar da kai. Kuma da can in baƙi suka sauka daga ƙauye, duk wanda suka tambaya sai ya rako su har bakin gadonka. Yanzu garin ya yi girman da mutum zai iya ɓace wa danginsa mako guda cur."

"Zafin fa?"

"Yana busar da wanki."

"Gajere, kai zafin ba ya iso ka ne, ta sama yake wucewa."

Haka muke yi har ladan ya raba mu. Ranar da na sanar cewa zan haƙa rijiya a Gwallameji kafin in ɗora ko bulo guda, taubashina ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Gwallameji? Dutse a ƙasa, kwano a sama, mutane a tsakiya suna gasuwa. In ka samu ruwa a filinka, ni da hannuna zan ja wa matarka guga cike in kai mata har randa."

Majalisa ta shaida.

A nan sai na koma baya kaɗan in faɗi yadda aka nuna mini filin tun farko. Dillalin da ya kai ni wani dogon mutum ne, irin wanda in ya tsaya a rana mutum uku za su sha inuwa, in ya zo wucewa ƙarƙashin wayar lantarki sai ya sunkuya. A lokacin ba wanda ke yawo da abin awo a wannan daji. Ya jingina bayansa da wata tsamiya, ya fuskanci gabas, ya ƙirga taku talatin, ni ina binsa da gudu-gudu. Ya tsaya ya ce, "Daga nan naka ya fara." Aka ajiye bulo huɗu a kusurwoyi, aka rubuta a takarda: taku talatin gabas da tsamiya. Haka kowa ke yi. Ba wanda ya ga matsala, har da ni.

Da na koma bayan waɗannan shekaru, da ƙyar na gane wurin. Gidaje sun tsiro masu rufi ja da kore da shuɗi, keke na kai mutum har ƙofa. Bulona huɗu kuwa sun daɗe da samun aiki a ginin wani. Amma tsamiyar na nan, wani mai facin taya ya kafa sana'a a gindinta, gabas da ita kuma filaye uku ko huɗu na kwance ba gini, ciyawa ta rufe su. Na jingina bayana da tsamiya, na fuskanci gabas, na ƙirga talatin. Na ƙara biyu don kada in shiga haƙƙin maƙwabci, saboda ni mutum ne mai kiyayewa.

Mai haƙar rijiyar da na ɗauko daga Fadaman Mada mutum ne marar yawan magana. Ya ajiye diga da igiya ya ce, "Alhaji, ka tabbata nan ne?"

"Da ƙafata na auna."

Ya dubi ƙafar. Ya daɗe yana dubanta. Sai ya ce bisimilla ya ɗaga diga.

A gaba takwas ruwa ya ɓullo. Ruwa garai-garai, mai sanyi kamar ya kwana a randar ƙasa. Na cika jarka na zaunar da ita a kujerar keke kamar babban baƙo, ni na raɓe a gefe, har Ɗan Iya. Maiɗakina ta zuba a moɗa ta sha. Ta tashi ta cire hijabin nan daga ƙusa, ta ninke shi, ta sa a can ƙasan akwati.

A majalisa kuwa ban bar wa kowa wurin numfashi ba. Na ce mai haƙar da iyo ya fito. Na ce na ga kifi ya leƙo ya koma. Na ce in an sa injin a rijiyar nan za a iya noman shinkafa daga Gwallameji har kasuwa. Taubashina ya kurɓa, ya juya ruwan a baki kamar mai ɗanɗanon miya, ya ce yana jin ƙanshin tanki, amma dai in na tare zai zo ya cika alkawari.

Mako guda bayan haka na je duba zoben simintin da za a sa wa bakin rijiyar. Tun daga nesa na hango mutane. Wani magini na tafe a sunkuye yana zana layuka da toka a ƙasa, layukan kuma sun kewaye rijiyata ta ko'ina. Wani dattijo mai furfura da tabarau na tsaye a bakinta riƙe da zanen gida, yana leƙa ciki, yana duba takarda, yana sake leƙawa. Matarsa na zaune a kan bulo da lema. Daga baya na san ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, mutumin kudancin jiha.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji shi. "Kai ne mai wannan alheri? Tun safe muke tambayar wa ya haƙa mana rijiya a falo."

"A falo?"

"Ga shi. Nan ƙofa, nan taga, nan inda za a sa kujeru. Nan kuma," ya nuna ramin, "tebur."

Na ce masa cikin ladabi ya yi kuskuren fili, abu ne da ke faruwa da kowa. Shi ma cikin ladabi ya kama hannuna ya kai ni kusurwa, ya ture ciyawa da takalmi, sai ga turken siminti irin na masu awon gwamnati. Ya nuna mini na biyu, da na uku, da na huɗu, da takarda mai hatimi. Ni ma na zaro tawa. Ya gyara tabarau ya karanta, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba.

"Malam, taku talatin na gani. Amma takun wa?"

Ban yarda na faɗi nan take ba. Na ce a kawo dillali ya maimaita awonsa a gaban kowa. Kwana uku na yi ina cigiyarsa. Ranar da aka kawo shi, mutanen unguwa suka taru, taubashina ma ya zo da tabarmarsa da ƙullin gyaɗa, wai kada ya ji labari a bakin wani. Da aka sauko da dillalin daga keke, sai na ga abin da shekaru suka yi. Dogon nan ya tanƙware kamar lauje, gwiwoyi sun ƙi, yana dogara sanda. Raina ya yi fari ƙal. Na ce a zuciyata yau ƙafafunmu sun zo ɗaya.

Ya jingina da tsamiya, ya fuskanci gabas, ya fara. Jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. A taku na goma bai fita daga inuwar tsamiyar ba. A na ashirin ya tsaya ya sha ruwa. A na talatin ya dire sandarsa kusa da bahon da mai faci ke gwada taya, ya ce, "Daga nan naka ya fara."

"Wallahi Baba, nan nawa ne," in ji mai faci.

Dillalin ya dubi inda yake, ya dubi rijiyar can gaba, ya dubi turakun dattijo da ke gaba da ita, ya girgiza kai. "To, gaskiya ƙafar da na auna da ita ba wannan ba ce. Waccan ta tafi."

Shi ke nan turakun siminti suka yi nasara. Filina na gaskiya yana gaba da rijiyar da taku goma sha biyu na mutanen kirki, ashirin nawa.

Dattijon bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Amma ya faɗi gaskiya: ba zai karɓi baƙi a bakin rami ba, kuma yana da jikoki masu rarrafe. Zai buga bulonsa da ruwan, in damina ta kusa a cike rijiyar a zuba daɓe. "Kafin nan ka haƙa taka, Malam. Ai ruwan da ke nan bai san iyaka ba."

Ban faɗa wa maiɗakina ba. Taubashina ya faɗa wa matarsa, wanda daidai yake da sanarwa a rediyo. Da na dawo gida na ga hijabin ruwan toka ya koma ƙusarsa. Ta kawo mini abinci, ta yi mini sannu da zuwa kamar kullum. Na fi son a ce ta jefe ni da ludayi.

Ashe ruwan ya san iyaka sarai, har ya fi ni sani. Muka haƙa a filina, a gaba biyu diga ta fara tartsatsin wuta. Muka matsa, muka sake haƙawa, dutse. A rami na uku digar ta karye gida biyu, mai haƙar ya fito yana kaɗe wando ya yi jawabi mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa: "Alhaji, dutsen nan guda ɗaya ne. Filinka a kansa yake zaune."

A majalisa taubashina ya samu abin da ya daɗe yana nema. "Ga birninka nan, gajere. Ruwan a falon wani, dutsen a gidanka. Da can kowa ya san gonar kowa da bishiyar kowa. Yanzu gari ya yi girman da mutum zai ɓace wa filinsa."

Karo na farko ke nan da ladan ya kira salla na riga kowa tashi.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ranar cike rijiya ta matso. Wata Asabar da safe maiɗakina ta ɗauki hijabin nan ta sa, ta ce, "Malam, kai ni in ga rijiyar da aka yi mini, ko sau ɗaya, kafin a rufe."

Muka tarar da dattijo da matarsa da magini, an riga an sauke tifar ƙasa a gefe. Maiɗakina ta durƙusa ta gaishe su, ta je ta zauna a kan bulo kusa da matar, suka leƙa rijiyar tare. Mu maza muka koma gindin tsamiya muna tattauna ko damina za ta yi kyau. Ina hango su. Aka ja guga, suka sha, suka wanke fuska. Maiɗakina ta kama gefen hijabinta tana nuna wa matar inda ya koɗe. Matar kuma ta zame ɗankwalinta tana nuna mata tsakiyar kai, inda ɗaukar bokiti na shekaru ya cinye gashi. Can sai muka ji matar dattijo ta ƙwala kira.

"Baban yara! Zo nan. Ruwa irin wannan za ka binne don ka ajiye kujeru?"

"Mama, ai zanen gidan..."

"Zanen takarda ne. Ina tokar?"

Ta karɓi kwanon toka daga hannun magini, ta share falon da ƙafa, ta mayar da shi gaba wajen titi, ta kawo tsakar gida da madafi bakin rijiya. Sannan ta miƙa wa maiɗakina kwanon. Maiɗakina ta ja layi biyu daga bakin rijiyar, miƙe ɗoɗar, har cikin filinmu. Lungu kenan, katanga dama da hagu. Magini ya tambayi faɗinsa. Ta ɗauki bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, ta tsaya ta ce a auna ta. Magini ya ce shi tun da ya fara aiki bai taɓa gina gida mai wutsiya ba. Matar dattijo ta ce yau zai fara.

Dattijo ya cire tabarau ya goge, ya ce shi fa an yanke masa fili. Na ce ya ɗauki daidai abin da aka yanka daga nawa, ta baya, inda ramukan nan uku suke. Ya je ya leƙa su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ai an riga an yi masa aikin wahala, zai cika su da baƙar ƙasa da kashin shanu ya dasa mangwaro. Aka ce a kira mai awo da abin awonsa a kafa sababbin turaku. Na ce ba sai an wahalar da shi ba, zan iya takawa in ƙirga. Mutum biyar suka ce a'a a tare, har da mai facin taya daga nesa.

Haka aka gina. Katanga ta bi ta kan tsakiyar bakin rijiyar, rabi nasu rabi namu, kowa da gugansa. Matan ba sa ganin juna amma suna hira ta cikin ramin, murya na fitowa da amo kamar daga masallacin Juma'a. Gishiri da daddawa ta guga suke ƙetarawa. Wanda ya hau bene ya hango gidanmu ya ce kamar ludayi aka kifar.

Ranar da muka tare taubashina ya zo cika alkawari, da 'yan majalisa biyu a matsayin shaidu. Saboda shigowarsu dole maiɗakina ta sa hijabi, amma sabo, na zuwa biki. Ya bi lungun yana gogar katanga da kafaɗu yana cewa wannan ba gida ba ne, hanyar ɓera ce. Ya zura guga, ya jawo shi cike, ya tsaya ya yi tunani, sai ya tuttular da rabi cikin rijiyar.

"Rabin rijiyar ce taka, gajere. Rabin guga za a ba ka."

"Yaya," in ji maiɗakina daga bakin madafi, "ni aka yi wa alkawari, kuma randar nan ba ta san rabi ba."

Sau tara ya bi lungun nan. A zuwa na bakwai ya daina maganar hamada, a na tara ya nemi kujera.

Gardamar dai ba ta mutu ba, ta dawo ƙofar gidana ne kawai, yana hawo keke takanas don ita. An sare tsamiyar da aka zo faɗaɗa titi, ya ce ga shi nan, ya faɗa. Na nuna masa mangwaro uku da suka leƙo ta kan katanga, ya ce ba nawa ba ne, ramukan kawai na ba da gudummawa, su ma bisa kuskure. Takardar filina kuwa tana nan a akwati, tana nuni da bishiyar da babu da ƙafar da ta tafi.

Hijabin ruwan toka ban sake ganinsa a ƙusa ba. Sai wata rana na lura da tsumman da ake goge bakin randa da shi, na ce kamar na san launin nan. Maiɗakina na tahowa daga lungu da bokiti biyu, ɗankwali a karkace, ta ce in matsa mata hanya.